Tsallen tsugunno ya tayar min da ciwon gwiwa, in ci gaba ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 36, aikina na zama ne, daga safe har yamma ina gaban kwamfuta. Da can ina buga ƙwallo, amma na yi shekaru da bari, har teɓa ta fara leƙowa. Kwanan baya na koma fili tare da abokai, sai na tarar ƙafata ta mutu. Ba na iya tashi in sa wa ƙwallo kai, kuma kafin wasa ya yi nisa haki ya kama ni. Na ji ana yabon wani motsa jiki da ba ya buƙatar kayan aiki: mutum ya tsuguna, ya daka tsalle sama, ya dira ya sake tsugunawa. An ce yana ƙara ƙarfin ƙafa, yana kuma gyara numfashi. Na ɗora wa kaina guda 100 kullum, ba na tsayawa sai na cika. Yau mako uku ke nan. Numfashin ya ɗan gyaru, amma tsallena bai ƙaru ba, ga wani ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwata ta dama, musamman wajen saukowa daga bene ko in na daɗe a zaune. Maƙwabcina na ƙasa ma ya yi min ƙorafin ƙarar dirata. Maiɗakina ta ce in bari, abokina kuwa ya ce ciwon alama ce ta aikin yana shiga. Wa zan bi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

A wannan karon ka bi maiɗakinka. Ka ajiye tsallen daga yau. Za ka dawo masa, amma da wani tsari dabam, kuma bayan gwiwar ta huce.

Abokinka ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Akwai tsamin jiki, wanda duk wanda ya daɗe bai motsa ba yake ji idan ya koma. Shi yana zama ne a cikin naman cinya da ɗuwawu, yawanci a ƙafafu biyun, yana farawa washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya tafi da kansa. Idan mutum ya saba da aikin, tsamin ma raguwa yake yi. Naka kuwa gwiwa ɗaya ce, wuri ɗaya da za ka iya ɗora yatsa a kai, kuma bayan mako uku ƙaruwa yake yi. Wurin da ka kwatanta nan ne jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri take, kuma ita ce take ɗaukar kaso mai yawa na nauyin kowace dira. Ciwonta sananne ne a wajen 'yan ƙwallon raga da 'yan ƙwallon kwando, mutanen da tsalle ne sana'arsu. Likitan da ya taɓa gwiwar da hannunsa shi zai tabbatar ko jijiyar ce ko kuwa gogar bayan ƙoƙon gwiwa ce, domin su biyun kan yi kama wajen saukowa daga bene. Ko wanne ne, sanadin ɗaya ne: ka ɗora wa gwiwar aikin da ba ta shirya masa ba, kuma ba ka ba ta ko kwana ɗaya na hutu ba.

Tsoka da jijiya ba sa tafiya da sauri ɗaya. Tsoka tana samun jini sosai, cikin 'yan makonni sai ka ji ta fara amsawa. Jijiya jininta kaɗan ne, sai an kwashe watanni kafin ta yi ƙwari. Wanda ya taɓa wasa yana saurayi shi ya fi faɗawa wannan rami, domin jikinsa bai manta yadda ake tsalle ba, zuciyarsa kuma tana ba shi labarin abin da yake iya yi yana ɗan shekara 20. Jijiyar kuwa ta shekara da shekaru a ƙarƙashin tebur, ga nauyin jiki ya ƙaru a kanta.

Maƙwabcinka ya yi maka aikin koci ba tare da ya sani ba. Idan ana jin dirarka daga ƙasan bene, to kana faɗowa ne da ƙafa a sandare, ko da diddige, ko da tafin ƙafa gaba ɗaya lokaci guda. Ƙarfin da ƙafa take karɓa wajen dira ya ninka nauyin jiki, kuma hanya biyu kawai yake da ita: ko tsokoki su lanƙwashe su shanye shi sannu a hankali, ko ya bugi gaɓoɓi kai tsaye. Ƙarar nan ita ce shaidar cewa hanya ta biyu yake bi. Wanda ya iya dira, ko kusa da shi kake da ƙyar za ka ji saukarsa.

Yanzu ga asalin matsalar, wadda ta fi ciwon gwiwar muhimmanci, domin in ba ka gane ta ba za ka warke ka sake komawa gidan jiya. Buƙata biyu ka kawo wa motsi ɗaya. Kana son ƙafar da za ta cilla ka sama, kana kuma son numfashin da zai kai ka ƙarshen wasa. Tsallen tsugunno yana iya taimakawa a kowanne, amma yadda ake yin sa don na farko ya saɓa da yadda ake yin sa don na biyu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙarfin tsalle ba ƙarfi ne kawai ba, ƙarfi ne da ake fitarwa cikin ƙiftawar ido. Lokacin da ka nutsa ƙasa da sauri, tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu da ta sharaɓa, tare da jijiyoyinsu har da agara, suna miƙewa suna adana wani ƙarfi, kamar roba da aka ja. Idan ka tashi nan take, wannan ƙarfin yana ƙaruwa a kan na tsokar. Idan ka daɗe a tsugune, ya zube a banza. Wani masanin wasanni na Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya yi fice da gina horo a kan wannan tun shekarun 1960. Yakan sa 'yan wasa su diro daga kan akwati, da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa su sake tashi sama. Abin lura a tsarinsa shi ne 'yan wasan sun riga sun yi ƙarfi kafin a kai su ga wannan mataki, adadin tsallen kaɗan ne, hutun da ke tsakani kuma mai tsawo ne. Dalilin yana cikin jiki. Tsoka tana da wata ƙaramar ma'ajiyar makamashi ta gaggawa, wadda take ba da cikakken ƙarfi na kimanin sakan 10 kacal, kuma tana buƙatar minti 2 zuwa 3 kafin ta kusa cikowa. Ƙwaƙwalwa ma tana koyon aika wa tsoka saƙo da sauri ne idan jiki yana garau, ba a gajiye ba.

Ka auna wannan da ɗarinka. Tsalle biyar ko shida na farko su ne suka yi aikin da kake nema. Daga nan kowanne yana ƙasa da wanda ya gabace shi. Kafin ka kai na arba'in ƙafarka da ƙyar take barin ƙasa, bayanka ya ranƙwafa, gwiwoyinka sun fara karkata ciki, kana dira yadda ta zo. Abin da jiki ya fi maimaitawa shi yake koya, kuma kai ka fi maimaita gajeren tsalle na gajiyayye. Shi ya sa tsallenka bai ƙaru ba. Kowace dira daga cikin waɗannan kuma gwiwarka ce take biyan kuɗinta.

Ta ɓangaren numfashi, gaskiya ne motsin yana ɗaga bugun zuciya cikin ɗan lokaci, domin manyan tsokokin jiki ne suke aiki tare. Shi ya sa ka ga ɗan canji. Sai dai a yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ko da tsallenka yana cin minti 5 kullum, minti 35 ke nan a mako, bai kai ko rabin mafi ƙarancin ba. Wasan ƙwallo kuma juriya ce ta dogon lokaci, ana gudu ana tsayawa. Ba za ka sayi wannan juriyar da tsalle kaɗai ba sai ka lalata gwiwa kafin ka isa.

Za ka ji ana ambaton tsarin minti 4: sakan 20 na aiki, sakan 10 na hutu, sau 8. Sunan wani mai bincike ɗan Japan yake ɗauke da shi, Izumi Tabata, wanda ya wallafa bincikensa a 1996. Abin da masu tallata shi da tsalle ba sa faɗa shi ne, a kan keken motsa jiki na tsaye aka yi gwajin, inda babu dira ko ɗaya, kuma matasa ne da suka saba da wasanni. Ɗaukar wannan agogon a ɗora shi kan tsallen tsugunno ga mutumin da ya shekara a kujera, a ganina ganganci ne.

To me za ka yi?

Na mako biyu, ko har sai saukowa daga bene ta daina yi maka ciwo, babu tsalle, babu wasa mai zafi. Amma kada ka kwanta, jijiya ba ta warkewa da zaman banza, tana son nauyi daidai gwargwado. Ka jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa kamar za ka zauna a kujerar da babu ita, ka tsaya a inda gwiwar ba ta yi ƙorafi ba, ka riƙe sakan 30 zuwa 45, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita sau huɗu. Ka yi tsugunno na sannu a gaban kujera: ka ƙirga uku kana sauka, ɗuwawu ya taɓa kujerar kawai, ka miƙe. Ka kwanta rigingine da gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama ka matse ɗuwawu, domin mai aikin zama wannan tsokar ce take fara yin barci a jikinsa, kuma idan ta ƙi aiki gwiwa ce take ɗaukar kasonta. Ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa kana sauka a hankali, saboda sharaɓa da agara. Ma'aunin da za ka riƙe mai sauƙi ne: ɗan ciwo kaɗan lokacin aikin ba laifi ba ne, muddin washegari da safe bai fi na jiya ba. Idan ya fi, ka yi yawa, sai ka rage.

Numfashin kuma ka nema masa hanyar da ba ta da dira: tafiya da sauri, keke, ko iyo, minti 30 a mafi yawan kwanakin mako. Idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici. Idan ba ka iya haɗa kalma huɗu ba tare da ka ja numfashi ba, ka shiga mai tsanani. Wannan gwajin ya fi lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220 don ƙiyasta iyakar bugun zuciya a minti, wanda a wajenka zai ba da 184, domin shi ƙiyasi ne kawai, mutane masu shekaru ɗaya kan bambanta sosai. Sau ɗaya ko biyu a mako, a kan keke, ka yi minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu a hankali, ka yi ta juyawa. Wannan shi ya fi kama da abin da fili yake nema a wajenka.

Idan ciwon ya lafa, kuma kana iya tsugunno 20 a jere, diddige a ƙasa, gwiwa ba ta rawa, sai ka koyi dira kafin ka koma tsalle. Ka miƙe a kan yatsun ƙafa, hannaye a sama, sai ka saki jiki ka faɗa cikin rabin tsugunno, ka daskare a nan sakan biyu. Bayan 'yan kwanaki ka riƙa sauka daga matakala ta ƙasa da ƙafa biyu, ka daskare haka nan. Gaban tafin ƙafa ne yake fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo, ƙugu ya koma baya, gwiwoyi su lanƙwashe suna kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Ka jingina wayarka a gabanka ta ɗauke ka, domin abin da mutum yake ji yana yi da abin da yake yi sau da yawa sun sha bamban. Abin da za ka duba shi ne ko gwiwoyin suna matsowa juna lokacin dira. Wannan karkatar tana cikin hanyoyin da jijiyar tsakiyar gwiwa take tsinkewa, raunin da yakan kai ɗan ƙwallo ga tiyata da jinyar watanni. Kada ka wuce wannan mataki sai ta gyaru.

Shi kansa tsallen, ga yadda yake. Ka ɗumama jiki minti 5 zuwa 10 tukuna, har ka ji gumi ya fara tsattsafowa. Ƙafafu su yi faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ka tura ƙugu baya, ƙirji a buɗe, ido a gaba, hannaye su koma baya. Ba sai ka kai har ƙasa ba, rabin tsugunno ya isa, ko ma wanda bai kai rabi ba, domin ai ba wanda yake zama daɓas kafin ya tashi sa wa ƙwallo kai. Ba tare da jira ba ka tura ƙasa da duk ƙarfinka, hannaye su yi sama, ƙugu da gwiwa da idon sawu su miƙe tare. Ka dira yadda ka koya. A makonnin farko ka tsaya bayan kowane tsalle, ka gyara tsayuwa, sannan ka yi na gaba. Haɗa su a jere sai daga baya.

Adadin zai ba ka dariya: guda 5, ka huta minti 2, ka yi haka sau 3. Kwana biyu a mako, da tazarar kwana biyu ko uku a tsakani, kuma kada ya zama ranar wasa ko washegarinsa. Guda 30 ke nan a mako a maimakon 700. Sharaɗin shi ne kowane tsalle ya zama iyakar abin da za ka iya. Da zarar ka ga tsayin ya ragu ko dirar ta fara ƙara, ka tsaya, ko da ba ka cika biyar ba. Za ka gama kana jin kamar ba ka yi komai ba, kuma haka ya kamata. Na san wannan shi ne ɓangaren da zai fi yi maka wuya, domin mun saba auna motsa jiki da yawan gumi. Bayan mako uku ko huɗu babu ciwo, sai ka ƙara zagaye ɗaya. A ranakun tsalle, shi za ka fara yi kafin sauran aikin ƙarfi, tun ƙafa ba ta gaji ba.

Ka kuma sauya wuri. Siminti da tayil ba sa rage komai daga bugun. Ciyawa mai laushi, daɓen katako ko shimfiɗar roba ta motsa jiki sun fi. Katifa kuwa a'a, laushinta yakan sa ƙafa ta gurɗe. Ka sa takalmin wasa da ya kama ƙafarka sosai.

Maganar teɓa gajera ce. Babu motsin da yake zaɓar kitsen wuri ɗaya ya narkar, jiki daga ko'ina yake ɗiba. Abin da kake ci, da yawan tafiyarka a mako, da barcinka, su za su yi wannan aikin. Duk kilon da ya tafi kuma sauƙi ne ga gwiwar a kowace dira.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan gwiwar ta kumbura, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ka ji ta sake ka kamar za ka faɗi, ko ka ji wani abu ya yi ƙara a ciki sannan ka kasa taka ƙafar, ka je asibiti. Haka ma idan ka bi tsarin nan mako huɗu zuwa shida ciwon bai ragu ba, ka nemi likitan ƙashi ko na gashin ƙashi. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu damar tsalle, ciwon shi ne abin da yake gaya maka iyakarka. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ya rikice lokacin motsa jiki, a tsaya nan take a ga likita. Akwai kuma wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma yana da haɗari, kuma masu ɗora wa kansu ɗaruruwan tsugunno lokaci ɗaya su ya fi samu: cinya ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari ya yi duhu sosai. Wannan alama ce ta tsoka ta farfashe har abin da ke cikinta ya shiga jini, yana iya taɓa ƙoda, kuma na gaggawa ne.

Ga sauran masu karatu da suke shirin gwadawa: mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, da mai ciwon gaɓoɓi ko raunin ƙashi, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da mai nauyin jiki sosai, duk su tuntuɓi likita tukuna. Tsugunno ba tare da tsalle ba, ana tashi da sauri har kan yatsun ƙafa, yana ba da kaso mai kyau na amfanin ba tare da bugun ba. Matan da fitsari yake ɗan zubo musu idan sun yi tsalle, abu ne da ya zama ruwan dare bayan haihuwa, kuma yana da magani ta hanyar ƙarfafa tsokokin ƙasan mara, kada kunya ta hana su faɗa wa likita.

Tun da ka ce tsallenka bai ƙaru ba, ka daina dogara da abin da kake ji, ka auna. Akwai tsohon gwaji da wani likita da ya yi aiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, Dudley Sargent, ya fito da shi a 1921, alli da bango kawai yake buƙata. Ka shafa alli a yatsunka, ka tsaya gefen bango, ka miƙa hannu iya tsawonsa ka yi alama. Sannan ka yi tsalle ka sake taɓawa a ƙololuwar tashinka. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce tsallenka. Ka gwada sau uku ka rubuta mafi kyau da santimita. Ka yi na farko ranar da ka dawo tsalle, na biyu bayan mako shida, a bango ɗaya, da takalmi ɗaya, kuma a ranar da ƙafarka ta huta.